Gawon Gonar Baba

Assalamu alaikum.

Hoton ƙasa na farko da na ɗauka da niyya, a kakar 2018 na ɗauke shi, da wata tsohuwar Tecno mai tsagaggen gilashi. Muna dawowa daga gona da la'asar sakaliya, ni da ƙanena, amalanke cike da damman gero, sai na waiwaya. Rana ta sauko ta zauna daidai bayan gawon da ke iyakar gonar Babanmu, ƙurar da shanun Fulani suka tayar ta yi jawur kamar garwashi, gawon kuwa ya fara tofo. Tun ina goye ake kai ni gindin itacen nan, amma ran nan ƙafata ta ƙi gaba. Na ciro waya na danna. Da na duba, wani farin dunƙule na gani a tsakiya, baƙi ya kewaye shi. Babu jan nan, babu ƙurar, gawon ma sai an faɗa maka gawo ne.

Da dare na nuna wa Inna. Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da idonta, ta juya ta, ta ce, "Hoton wa ke nan?" Na ce hoton gona ne. Ta ce, "To ina mai gonar?" Ba da gatse ta tambaya ba. A wurinmu hoto na mutum ne: na amarya, na Sallah, na fasfo idan za a cika takarda. Ba ta taɓa jin an tsaya an ɗauki fili haka kawai ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Auyo da Kafin Hausa, inda jigawa ke gangarowa ta haɗu da fadamar kogin Haɗeja. A tudu gero da dawa da riɗi, a fadama shinkafa, da rani kuma lambu. Na gama sakandare ba halin ci gaba, sai Yayana ya kafa mini teburin cajin waya da farantan sola biyu a bakin kasuwa. Kullum wayoyin mutane na bi ta hannuna, kuma a fuskar mafi yawansu hoton wata ƙasa ne: duwatsu masu ƙanƙara, teku, furannin da ba su taɓa tsirowa a nan ba. Wata rana na rubuta sunan Jigawa a intanet don in ga yadda duniya ke ganinmu. 'Yan siyasa a kan mumbari na gani, sai gidajen da ruwa ya rushe. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san abin da idona ke gani kowace safiya idan na fita, na kuma san bai gaza nasu ba. Hannuna ne bai iya kamo shi ba.

Allah da ikonsa, neman hoton fasfo ya kai ni shagon wani dattijo a Haɗeja. A bangonsa, cikin hotunan angwaye da na ɗalibai, akwai wani tsohon hoto baƙi da fari: kogi ya cika ya batse, masunta biyu a kwalekwale, giginyu a can ƙetare. Na tsaya ina kallo har ya kira ni sau biyu ban ji ba. Ya ce shi ya ɗauka tun yana saurayi, zamanin fim. Sai na yi ƙarfin hali na nuna masa nawa. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa da wannan. Ya ce, "Yaro, me ka so ka ɗauka a nan, ranar ko itacen?" Na ce duka biyun, Alhaji. Ya ce, "Shi ya sa ka rasa duka biyun."

Ya fahimtar da ni cewa idon ɗan Adam yana iya ganin cikin zaure mai duhu da farin filin ƙofar gida a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta da wannan baiwar. In ta buɗe don ta ga duhu, haske ya ƙone ya zama fari fat. In ta tsuke don ta ga haske, inuwa ta zama baƙi ƙirin. Dole mai ɗauka ya zaɓa. Ya karɓi wayata ya fuskanci titi, ya taɓa sama da yatsa, wata 'yar alamar rana ta fito, ya ja ta ƙasa. Nan take launin sararin samaniya ya dawo. Shekara biyu wayar na hannuna ban san tana haka ba.

Sannan ya ba ni aiki. Ya ce in koma wurin gawon nan, in sami wuri ɗaya in tsaya, kada in canza shi. In ɗauka bayan sallar asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, da dab da magariba. Kowane lokaci hoto ɗaya tak. Na ce waya ai tana cin ɗaruruwa. Ya ce a zamaninsu naɗin fim ɗaya hoto 36 yake ci, kowanne da kuɗinsa, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke, ka ɗaga dodon hoton a haske gabanka na faɗuwa. Shi ya sa suke kallo kafin su danna. "Ku kuna dannawa, sannan ku kalla."

Akwai wani tsohon suri a yamma maso kudu da gawon, taku kamar talatin. Shi na zaɓa. Mako guda ina zirga-zirga tsakanin teburin caji da surin nan, ƙanena na tsare mini kasuwa. Da na jera hotunan, sai na ga kamar itatuwa biyar daban na ɗauka. Na azahar ya fito a kwance, ba armashi, rairayi ya yi fari, inuwa ta taru a gindi kamar an zubar da baƙin mai. Na sassafe kuwa, haske ya shigo daga gefe, kowace kunyar gona ta sami inuwarta, har sawun fartanya ana gani, ɓawon itacen ya fito da tsagoginsa ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane cewa ba itace nake ɗauka ba, hasken da ya sauka a kansa nake ɗauka.

Na kuma gane wani abu da bidiyoyin koyarwa na Turawa ba su faɗa mini ba. Su suna maganar awa guda ta kyakkyawan haske, wani lokaci fiye. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, ranarmu ba ta jan ƙafa, miƙewa take sama kai tsaye. Da sanyi tana fitowa wajen shida da rabi, kafin bakwai da kwata ta riga ta yi fari ta fara cizo. Da yamma ma haka, tana faɗuwa ba a daɗe ba duhu ya rufe. Sau biyu a shekara kuma, wajen ƙarshen Afrilu da na Agusta, takan tsaya daidai tsakar ka da rana tsaka, mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin takalminsa. Wanda zai ɗauki ƙasarmu sai ya riga rana isa wurin. Ni ana sallame sallar asuba nake hawa keke.

Bayan haske, Alhaji ya koma kan tsari. Ya kunna mini layukan da ke raba fuskar waya gida tara, ya nuna mini duk hotunana a karkace suke, kamar ruwan fadama zai tsiyaye ta gefe ɗaya. Ya ce kada layin da sama ta haɗu da ƙasa ya riƙa raba hoto biyu daidai. In sama ce ke da magana, a ba ta kashi biyu cikin uku. In ƙasa ce, a ba ƙasa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne shimfiɗar ƙasarmu. Ba dutse, ba tsauni, in ka tsaya a tsaye ka ɗauka, sai ka sami zare ɗaya na kore tsakanin fari da fari. Maganinsa durƙuso ne. Ka sa wani abu a gaba, ko kututture, ko damin kara, ko ƙwaryar da aka bari a bakin kunya, sannan ka bar kunyoyin gona su ja idon mai kallo su kai shi wurin itacen. Manomi ya riga ya zana maka layukan da garmarsa, kai dai nemo inda suka nufa.

Shekara guda da rabi na yi da waya. A farkon 2020 na sayar da ragon da Inna ta ba ni kiwo, na haɗa da abin da na tara a asusu, na shiga Kano na sayo kyamara ta hannu, Canon 1100D, da idonta ɗaya, wato gilashin gabanta da ake iya cirewa. Tsohon samfuri ne, tun 2011 aka fitar da shi. Da na dawo na ajiye ta gaban Baba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ragon ke nan?" Na ce shi ne. Bai ƙara cewa komai ba, ya tashi ya yi alwala. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Wata guda cur hotunan kyamarar sun fi na wayar muni. Gwiwata ta yi sanyi, har na fara tunanin mayar da ita. Alhaji ya zaunar da ni a bencin shagonsa ya ce abu uku ne kacal, kuma duk ina da su a fuskata. Na farko ƙofar haske, kamar ƙwayar ido da ke buɗewa a duhu ta tsuke a rana. Lambarta a juye take, f/4 ƙofa ce babba, f/11 ƙarama. Ƙaramar ita ke sa abin da ke gabanka da abin da ke nesa su fito tar gaba ɗaya, shi ya sa mai ɗaukar fili ke zama tsakanin f/8 da f/11. Na biyu ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin idonta a buɗe. In a hannu take, kada ta gaza kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa, in ba haka ba rawar hannu ta ɓata hoton. Na uku ISO, ƙarfin jin haske. A bar shi a 100 muddin da hali, don in an ɗaga shi sosai hoto kan yi tsaki-tsaki kamar an yayyafa masa yashi. Ukun nan kamar duwatsun murhu suke, in ka matsar da ɗaya sai ka gyara sauran, in ba haka ba tukunya ta karkace.

Da asuba haske ba ya isa a riƙe kyamara a hannu da f/11. Ba ni da kuɗin ƙafa uku ta kanti, wadda ake ɗora kyamara a kai. Da farko buhun rairayi nake ɗorawa kan sirdin keke in kwantar da ita a kai. Daga baya wani mai walda a kasuwarmu ya haɗa mini ƙafafu uku da ragowar rodi, muka sami kusa mai zare daidai ramin da ke gindin kyamarar. Tana da nauyi, ba ta naɗewa sosai, amma iska ba ta girgiza ta. Sai in saita jinkirin daƙiƙa biyu, in danna in janye hannuna, in riƙe numfashi kamar ni ne zan motsa ta.

Ƙafa ukun nan ita ta jawo mini tashin hankalin da ban taɓa shiga irinsa ba. Wata safiya na je bakin tafkin wani ƙauye da ke maƙwabtaka da mu, na kafa ta ina jiran rana. Ban yi wa kowa sallama ba, don a ganina fili ne na Allah. Kafin rana ta fito mutane sun fi goma a kaina, wasu da sanduna. Sun ɗauka ma'aunin masu awon fili ne, an turo ni in auna gonakinsu za a ƙwace. Duk bayanin da na yi bai shiga ba, aka tasa ni gaba sai ƙofar dagaci. Na durƙusa jikina na ɓari na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi hoton ruwa nake ɗauka." Ya tambayi ɗan gidan wane ne ni. Da na faɗa, ashe ya san kakana. Ya karɓi kyamarar, na riƙa nuna masa hotunan ɗaya-ɗaya, ya daɗe a kan na wasu balbelu a bayan shanu. Sannan ya ce, "Ɗana, ba ka yi laifin sata ba, amma ka yi na shiga ba sallama. Gona ma gida ce." Gaskiya ya faɗa, mutanen nan kuma ban ga laifinsu ba, gonar ita ce duk abin da suka mallaka. Tun daga ranar ba na kafa ƙafa uku a ƙasar wani sai na gaida masu ita, na nuna musu abin da nake yi. Ba na fuskantar mashayar da mata ke ɗibar ruwa, ba na leƙa bayan dangar kowa.

Akwai kuma abin da ya dame ni ta fuskar addini, don wasu abokaina sun riƙa ce mini hoto haramun ne. Na je na sami limaminmu bayan sallar isha'i. Ya ce saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake, amma itace da ruwa da sama mafi yawansu ba su ga laifi a kansu ba. Ya kawo mini abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ya ƙara da cewa a cikin Suratul Gashiya Allah da kansa ya kira mu mu dubi sama yadda aka ɗaga ta, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. Na fito daga zauren nan zuciyata wasai.

Hunturu shi ne babban malami kuma babban abokin gaba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan mayar da rana farin faifai da za ka iya kallo da ido. A irin ranakun nan itatuwa kan jeru a hazo, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na can nesa kamar inuwar tunani. Kyamara kan ruɗe da farin ta mayar da shi duhu-duhu, sai ka ƙara mata haske mataki ɗaya da hannunka. Amma a hunturun ne na yi wa kyamarata rauni. Abokai sun taru a teburina suna son ganin cikinta, na cire idon na nuna musu, iska na kaɗawa. Washegari duk hoton da na ɗauka sai ga ɗige-ɗige a sama. Maimakon in tambaya, na naɗa auduga a tsinke na shiga goge farantin da ke karɓar haske. Mai gyara a Kano ya fitar da ƙurar, amma ƙarzanen da tsinken ya yi yana nan a kusurwar sama ta hagu. Daga f/11 zuwa sama yana fitowa kamar siririn gashi, sai na bi shi na share a Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya. Yanzu ba na buɗe ta sai a ɗaki a rufe, in zan fita kuma a leda take, cikin tsohon rawani.

Shi wannan gyaran hoto a waya ya so ya ɗauke ni. Na gano inda ake ƙara launi, na riƙa jansa har ƙarshe. Na sa wasu a Facebook, mutane suka yi ta yabo, kaina ya fara girma. Wata rana na gyara hoton gonarmu, shuka ta yi kore shar, ƙasa ta yi ja, na kai wa Baba ina jiran ya ji daɗi. Ya duba ya miƙo mini. "Wannan ba gonata ba ce. Jar ƙasa ta mutanen kudu ce. Tamu jigawa ce, fara ce. Geron da ya yi irin wannan koren kuma, taki ya yi masa yawa, ba zai yi zangarniya ba." Kunya ta kama ni. Na so in nuna wa duniya ƙasarmu, sai ga shi na shafa mata kwalliyar wata ƙasa don a so ta. Daren nan na bi hotunan na mayar da su yadda Allah ya yi su.

Abin mamaki, daga wannan rana Baba ya fara sa baki a aikina. Ya ga ina komawa suri ina dawowa da ɓacin rai don rana ta daina fitowa inda na saba ganinta. Ya ce ai rana ba ta da mafita ɗaya. Da sanyi ta kudu-kudu take ɓullowa, ta kan kukar maƙwabcinmu. Da damina ta koma arewa-arewa, ta kan hanyar shanu. Ya nuna mini da sandarsa inda za ta fito wata biyu masu zuwa, kuma haka aka yi. Abin da masu hoto ke dubawa a manhaja, shi shekara hamsin yana karanta shi daga bakin gonarsa. Ya san safiyar da raɓa za ta kwanta, ya san ranar da hazo zai ɗaga, ya san in shamuwa ta iso saura kaɗan a yi shuka.

Hoton da na fi ƙauna a duk abin da na ɗauka, Baba ne ya ba ni shi. A watan Yuli na 2021, muna noma na biyu, wajen ƙarfe biyar na yamma, ya daina aiki ya dubi gabas. Ya ce, "Kai, je ka ɗauko abin naka. Hadarin nan zai haɗu, kuma yamma a buɗe take." Na sheƙa gida a keke. Kafin in dawo gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Shi gawo, kowa ya sani, halinsa daban ne da na sauran itatuwa: da rani yake ganye, da damina ya kaɗe ya tsaya tsirara, shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki, geron gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. To ga shi tsaye ba ganye ko ɗaya, rana ta sauko ta bayana ta haske shi, rassansa suka yi fari sol kamar ƙashi a kan baƙin hadarin nan. Ƙarƙashinsa gero na kwantawa yana tashi. Na hau suri, na kafa ƙafa uku, na sa f/8, na rage haske kaɗan don kada farin rassan ya ƙone. Hannuna na rawa. Na tuna maganar Alhaji, na tsaya na kalla tukuna. Na jira iska ta ɗan lafa, na danna sau uku. Ko minti biyar ba a yi ba gajimare ya rufe ranar, guguwa ta taso, na cusa kyamara a leda na rungume ta muka ruga bukka. Muna tsugune ruwa na dukan kara na nuna masa. Can ƙasa a gefen dama, ƙanƙane, ga shi nan shi kansa tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallon gabas. Ban ma lura ya shiga ba. Da Inna ta gani da dare, a kansa yatsanta ya fara sauka.

Na ɗan zaga bayan nan. Na je Birnin Kudu na ga duwatsun da ke da zanen shanu na mutanen da. Na je dausayin Baturiya da sanyi, lokacin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai, wurin da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008. Idon kyamarata bai isa ya jawo tsuntsu kusa ba, sai na ɗauke su a yadda suke, ɗigo-ɗigo a kan ruwa da sama. Na samo hotuna masu kyau, amma babu wanda ya kai na gawon, don a can baƙo nake, ban san ta inda rana ke fitowa ba.

Sai ambaliyar 2022. Duk wanda ke Jigawa ya san abin da aka gani a Agusta da Satumba na shekarar. Baba ya sha faɗa mana cewa tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin ya canza hali, kachalla ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su, in ruwa ya zo da yawa sai ya rasa mabi ya fantsama cikin gonaki. A shekarar ya haye fadama ya hau tudu, inda ko kakanninmu ba su san shi ba. Muka kwashe muka koma makarantar firamare. Kyamara na rataye a wuyana, amma na kasa ɗaga ta ga matan da ke ɗauke da tukwane da 'ya'ya a ka. Mutanena ne, ba zan iya ba. Sau ɗaya na roƙi wani masunci ya kai ni gona a kwalekwale. Kan surin kaɗai ya rage a waje. Na tsaya a kansa ruwa na lasar ƙafata, na ɗauki gawon tsaye cikin ruwa har ƙugu, ba gero, ba kunya, sai sama a sama da sama a ƙasa. Hoton ya yi kyau, kuma ba na son kallonsa.

Da ruwa ya janye ya bar rairayi ya binne komai. Gambar da ke raba gonarmu da ta maƙwabcinmu ta tafi, gardama ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara arba'in suna cin tuwo tare. A gaban mai unguwa Baba ya ce a kira ni in zo da hotuna. Shekara huɗu ina ɗauka daga wuri ɗaya, kuma a cikinsu duka ga layin gamba ya taso daga hagun gawon ya miƙe ya nufi kuka. Dattawa suka karɓi wayar suna miƙa wa juna, suka haɗa da shaidar waɗanda suka san wurin, aka je aka ja igiya aka kafa turaku. Ba hotona kaɗai ya raba gardamar ba, amma ya rage rantse-rantse.

Gawon bai murmure ba. Ya fi wata a cikin ruwa. Da rani ya yi tofo ta gefe ɗaya kawai, iskar bazarar 2023 ta kwantar da shi da dare. Da safe na tarar da Baba tsaye a kansa, hannuwa a baya. Ya ce mahaifinsa ya tarar da shi a haka, babba. Kwana biyu bayan nan ya kira ni ya ce, "Wannan na ranar hadarin, ana iya fitar da shi a takarda?" Na kai wa Alhaji. Ya buɗe shi a kwamfuta ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ne, kuma sau nawa na danna. Na ce uku. Ya gyaɗa kai. Ya wanke shi babba ya sa a gilashi, na ciro kuɗi ya ture hannuna. Yanzu yana rataye a zauren Baba, mutumin da ko hoton kansa bai taɓa ratayewa ba. In baƙo ya zo, da sandarsa yake nuna masa inda iyaka take da inda ruwa ya kai.

Har yanzu cajin waya ne abincina, sai ɗan abin da nake samu a hoton biki da suna. Bara, taku kaɗan daga kututturen, wani ɗan gawo ya tsiro inda awaki ke kwana. Baba ya kewaye shi da ƙayar magarya. Bai kai gwiwata ba tukuna, daga kan suri ba a ganinsa sai na kwanta rub da ciki na ɗora kyamara a ƙasa. Jiya da magariba muna dawowa Baba ya tsaya a kansa ya duba tofon, ya ce gobe in zo da wuri, raɓa za ta kwanta, kuma in taho da ƙanena ya riƙe mini ƙayar kada ta shiga hoton.